Ma'anar Kalma da Ƙa'idar Rubutu: Matsalolin Bahaushe Mai Koyon Ingilishi

1.0 Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya shigo sashen Hausa na jami'a ya riga ya tsallake jarrabawar Ingilishi, domin kuwa ba a ba mutum gurbin karatu sai ya ci wannan darasi a jarrabawar gama sakandare. Amma da zarar an zauna a aji, sai ya tarar ashe da sauran rina a kaba. Manyan littattafan nahawun harshensa na gado ma da Ingilishi aka rubuta su, kamar na Galadanci na 1976, da na Newman na 2000, da na Jaggar na 2001, haka nan maƙalar Parsons ta 1960 wadda ta kasa aikatau na Hausa aji bakwai. In ya sauke karatu kuma, aikin da ke jiransa bai wuce koyarwa ko aikin jarida ko fassara a gidan rediyo ko tafinta a kotu ba, kuma kowanne daga cikinsu tsayuwa ce tsakanin harsuna biyu. Kuskuren ma'anar kalma ɗaya a maganar mai ba da shaida, ko a takardar da ke bayyana yadda ake shan magani, yana iya jawo wa wani bawan Allah asarar da ba ta gyaruwa.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa tushen akasarin kurakuran da Bahaushe yake yi a Ingilishi wani zato ne da ya ɗauko tun daga firamare, watau cewa kowace kalmar Ingilishi tana da takwararta guda ɗaya tak a Hausa. Nazarin irin wannan tasiri na harshen uwa daɗaɗɗe ne. Robert Lado ya yi littafi a kansa a 1957, sa'an nan Pit Corder ya nuna a 1967 cewa kuskuren mai koyo shaida ce ta tsarin da yake ginawa a ransa, saboda haka abin nazari ne kafin ya zama abin bulala. Gaskiya ne ba dukkan kuskure ne yake zuwa daga harshen uwa ba. Yaron da ya ce "goed" maimakon "went" ƙa'idar Ingilishi ce ya ja ta wuce iyakarta, kuma ɗan Bature ma yana yin haka. Waɗanda za a duba a nan su ne masu saiwa a cikin Hausa.

2.0 Jeri biyu a kan allo

Malamin aji uku ko huɗu yakan raba allo gida biyu, ya rubuta "eat" a hagu da "ci" a dama, "drink" da "sha", "hear" da "ji", "do" da "yi". Yara su haddace, su rera, a yi gwaji su ci. Babu laifi a wannan a matakin farko, domin dole a fara daga wani wuri. Laifin shi ne a bar ɗalibi ya girma yana tsammanin layin da ya haɗa kalmomin nan biyu alamar daidaito ce irin ta lissafi.

A ɗauki "ci". Bahaushe yana cin tuwo, yana cin jarrabawa, yana cin zaɓe, yana cin gari da yaƙi, yana cin gado, yana cin amana, yana cin bashi, yana cin riba, alƙali kuma yana cin sa tara. A cikin waɗannan guda tara, na farko ne kaɗai Ingilishi ya yarda a ce "eat". Sauran sai "pass" da "win" da "conquer" da "inherit" da "betray", haka har ƙarshe, kowanne da kalmarsa. "Sha" ma haka take. Ana shan ruwa, ana shan taba, ana shan magani, ana shan mangwaro, ana shan wahala, ana shan iska. Bature kuwa ruwa kaɗai yake yi wa "drink" a cikinsu. Taba "smoke" yake yi mata, magani "take", mangwaro "eat", wahala "suffer". Saboda haka ma'aikacin lafiyar da ya rubuta "drink two tablets" Hausa ya rubuta, baƙaƙen ne kawai na Turawa.

"Ji" ta fi su shiga rubutun ɗalibai. Da ita Bahaushe yake ɗaukar sauti da wari da ɗanɗano da zafi da yunwa, da ita kuma yake fahimtar harshe. Daga nan ne ake samun "I can hear the smell" da "he does not hear French", alhali Ingilishi ya raba wannan fili tsakanin "hear" da "smell" da "taste" da "feel" da "understand". Ita kuwa "yi", matsalarta ita ce ba ta da wata ƙa'ida da za a bi a gano fassararta. "Yi kuskure" shi ne "make a mistake", "yi aikin gida" shi ne "do homework", "yi mafarki" shi ne "have a dream", "yi wanka" shi ne "take a bath", "yi ƙarya" shi ne "tell a lie". In ɗalibi ya tambayi dalilin da ya sa ake "make" kuskure amma ba a "do" shi, babu amsar da ta wuce cewa haka masu harshen suka saba, kamar yadda babu wanda zai faɗi dalilin da ya sa Bahaushe yake cin bashi amma ba ya shan sa. Wannan zaman tare na kalmomi shi ne Harold Palmer ya tattara rahoto a kansa a Tokyo a 1933, daga baya J. R. Firth ya ba shi muhimmin matsayi a nazarin ma'ana. Abin da ya biyo baya ga mai koyo shi ne, abin haddacewa shi ne kalma tare da abokan zamanta.

Kada a ɗauka Hausa ce kaɗai take ɗora wa ƙananan kalmomi kaya masu yawa. Lokacin da masu babban ƙamusun Oxford suka sake bitar aikatau "run" a 2011, ma'anoni 645 suka ƙirga masa. Mutum yana "run" da ƙafa, yana "run" kanti, yana "run" neman kujerar mulki, hancinsa yana "run" in yana mura, injin mota ma yana "run". Ɗalibin da ya tsaya a kan "gudu" zai karanta labarin ɗan kasuwa ya ɗauka mutumin ya tsere ya bar shagonsa. Daɗin daɗawa, Ingilishi yana liƙa wa aikatau 'yar ƙaramar kalma ta juya ma'anarsa gaba ɗaya: "put on" sa tufafi, "put off" ɗage lokaci, "put out" kashe wuta, "put up with" haƙuri da abin da ba a so.

3.0 Aro da rance

Misalin da ya fi kowanne fito da matsalar fili shi ne na jimlar nan da kowane malamin Ingilishi a ƙasar Hausa ya gaji da gyarawa, watau "borrow me your pen". Galibi akan ce wa yaro "lend" ake cewa, a wuce. Amma in aka tsaya aka duba, za a ga harsunan biyu tambayoyi mabambanta suke yi wa al'amari guda.

Tambayar da Hausa take yi ita ce: abin da aka karɓa, shi kansa za a mayar ko madadinsa? In shi kansa ne, kamar fartanya ko littafi ko keke, to aro ne. In madadinsa ne, kamar kuɗi ko mudun gero, to rance ne. Ingilishi bai damu da wannan bambanci ba ko kaɗan. Tambayarsa ita ce: wa ya bayar, wa ya karɓa? Mai karɓa "borrow" ya yi, mai bayarwa "lend" ya yi, ko kuɗi ne ko fartanya. Hausa ma tana nuna wanda ya bayar da wanda ya karɓa, amma da ƙirar aikatau take nunawa, saiwar kuwa ɗaya ce: "ya ari littafi" da "ya ara mini littafi", "ya ranci kuɗi" da "ya ranta mini kuɗi". To yaron da aka koya wa cewa "borrow" ita ce "aro", in ya tashi cewa "ara mini alƙalaminka", me zai hana shi ya ce "borrow me"? A bisa ƙa'idar harshensa bai yi kuskure ba, saiwa ɗaya ya ɗauka ya ƙara mata "mini". Malamin da ya san wannan zai zana masa gida huɗu a allo, aro da rance a tsaye, karɓa da bayarwa a kwance, ya nuna masa cewa Hausa ta yanka ta nan, Ingilishi ya yanka ta can. Wanda aka nuna wa haka sau ɗaya da wuya ya sake faɗawa ramin.

Irin wannan ƙira ce ta haifi "he learned me English", domin "koyi" da "koya wa" da "koyar" duk saiwarsu ɗaya, alhali "learn" da "teach" ba su haɗa komai ba a ƙira. Abin lura shi ne ba a cika jin Bahaushe ya rikita "buy" da "sell" ba, ko da yake "saya" da "sayar" ma saiwarsu ɗaya. Mai yiwuwa dalili shi ne ana koyar da su tare tun farko, a matsayin kishiyoyi, cikin jimlolin kasuwa.

Wani lokaci Hausa ce take rarrabewa inda Ingilishi ya dunƙule. "Brother" ba ta gaya wa Bahaushe abin da ya fi son sani, watau wa ne ko ƙane. "Uncle" ta haɗe kawu da baffa, "aunt" ta haɗe inna da gwaggo, ga shi kuwa a sha'anin aure da gado matsayinsu ba ɗaya ba ne. Hausa tana da gobe da jibi da gata da citta, Ingilishi kuwa daga "tomorrow" sai ya koma kewaye. Wani lokaci kuma akasin haka ne: "ƙafa" ta haɗe "leg" da "foot", "hannu" ya haɗe "arm" da "hand", "wuta" ta haɗe "fire" da "light" da "electricity".

Akwai guda ɗaya da ya kamata mai niyyar aikin tafinta ya riƙe da kyau. In aka tambayi Bahaushe, "Ba ka gan shi ba?", yakan iya cewa "I", yana nufin haka ne, bai gan shi ba, watau ya gaskata maganar mai tambaya. A Ingilishi kuwa amsa tana bin abin da ya faru ne. Wanda aka ce wa "Didn't you see him?" in bai gani ba "No" zai ce. Mai shaidar da ya ce "Yes" a nan da nufin Hausa ya amsa abin da yake son musantawa.

4.0 Baƙin da suka zama 'yan gari

Hausa ta ari ɗaruruwan kalmomi daga Ingilishi, kuma wannan taimako ne ga mai koyo, domin ba sai an sha wahalar koya masa "tebur" ko "bokiti" ko "lauya" ba. Sai dai wasu daga cikinsu sun sake hali bayan sun zauna. "Kanti" daga "canteen" ta fito, amma a Ingilishi wurin cin abinci ne na ma'aikata ko ɗalibai, ba wurin sayar da atamfa ba. "Minti" a bakin yara ta zama kusan kowace irin alewa ta leda, alhali "mint" na'ana'a ce da alewar da aka yi da ita. "Mashin" a Kano babur ne, "machine" kuwa kowace irin na'ura. "Haya" daga "hire" take, amma Bature ɗan Ingila ba ya "hire" gidan zama, "rent" yake yi. "Bariki" ta yi tafiya mafi nisa: daga mazaunin soja ta koma unguwar Turawa, daga nan ta koma wata irin rayuwa, har ana cewa ɗan bariki, abin da "barracks" ba ta taɓa nufi ba. Haɗarin waɗannan shi ne ɗalibi ba ya duba su a ƙamus, domin yana ganin ya riga ya san su.

5.0 Matakan magana

Bahaushe ya san "ya mutu" da "ya rasu" da "ya yi wafati" da "ya sheƙa barzahu" abu guda suke faɗa, ya kuma san wanda ya yi amfani da na ƙarshe a gidan makoki ya nemi rigima. Ya san kalmomin da suka shigo daga Larabci sukan ɗauki nauyin ilimi da girmamawa. To Ingilishi ma haka yake, kuma tarihinsa ne ya sa. Bayan Normawa masu jin Faransanci sun ci Ingila da yaƙi a 1066, harshen fada da na shari'a ya zama Faransanci na tsawon ƙarnuka, Latin kuma yana riƙe da coci da makaranta. Shi ya sa ake samun kalmomi hawa-hawa, kamar "ask" da "question" da "interrogate", ko "kingly" da "royal" da "regal". Shi ya sa kuma dabba a garke take "cow" ko "sheep", namanta a akushi ya zama "beef" ko "mutton".

Ɗalibin da bai san wannan ba yakan ɗauka doguwar kalma ita ce alamar ilimi, ya buɗe littafin kalmomi masu kama da juna ya zaɓi wadda ta fi tsawo. Sai a ga ya rubuta cewa ya yi "interrogate" mahaifinsa game da kuɗin makaranta, bai san ya mai da tsohon wanda ake tuhuma a caji ofis ba. Masu duba takardun jarrabawa ba su ba da maki don tsawon kalma.

6.0 Wane ƙamus, kuma yaya ake karanta shi?

Ya kamata ɗalibi ya san don wa aka yi ƙamusun da ke hannunsa. Na Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 taskoki ne da ba su da na biyu wajen nazarin Hausa, amma an yi su ne don mai jin Ingilishi da ke neman Hausa. Na Neil Skinner na 1965, Kamus na Turanci da Hausa, shi ne aka yi don Bahaushe mai neman Turanci. Na Roxana Ma Newman na 1990, ko da yake masu koyon Hausa aka nufa da shi, yana da amfani ƙwarai ga mai fassara saboda yana rarrabe ma'anoni da misalai. Duk da haka, kowane ƙamus mai harshe biyu yana ƙarfafa zaton nan na kalma da takwararta, ko mai shi ya so ko bai so ba, domin haka ƙirarsa take.

Saboda haka daga sakandare zuwa sama, abokin tafiya shi ne ƙamusun masu koyo, wanda yake bayyana Ingilishi da Ingilishi mai sauƙi. Malaman da suka koyar da baƙin harshe ne suka ƙago shi. Michael West, wanda ya yi aikin ilimi a Bengal, ya fitar da nasa a 1935, inda ya bayyana dukkan kalmomin ciki da kalmomi ƙasa da 1,500. A. S. Hornby, wanda ya yi aiki tare da Palmer a Japan, ya fitar da nasa a Tokyo a 1942, kamfanin ɗab'i na Jami'ar Oxford ya sake buga shi a 1948, kuma shi ne kakan ƙamusun nan da ɗalibai suke kira da sunan Oxford. Na Longman ya fito a 1978, sa'an nan na COBUILD a 1987, wanda John Sinclair ya jagoranta a Jami'ar Birmingham, aka ciro misalansa daga miliyoyin kalmomi na ainihin rubutu da magana da aka tara a kwamfuta.

Abin takaici shi ne yadda ake amfani da su. Ɗalibi ya buɗe, ya karanta layin farko, ya rufe. Ga shi kuwa amfanin yana ƙasa, a ma'ana ta uku ko ta biyar, da misalan jimloli, da ƙananan alamomin da ido yake tsallakewa. Alal misali, baƙin "U" da ake sawa a gaban suna yana nufin ba a ƙirga shi, ba a kuma yi masa jam'i. Hausa tana cewa shawarwari da bayanai da kayayyaki, saboda haka hannun Bahaushe yana saurin rubuta "advices" da "informations" da "equipments" da "furnitures", kuma baƙin nan guda ɗaya ya isa ya hana shi, in ya san abin da yake nufi.

Yau ƙamusoshin nan suna cikin wayar hannu, har da muryar da ke furta kalma, kuma tun 2013 Google Translate ya sa Hausa cikin harsunansa. Wannan sauƙi ne babba. Amma wanda ya jefa wa na'ura kalma ɗaya tilo, ba jimla, ya koma wa allon nan mai gida biyu na aji uku.

7.0 Daga kunne zuwa alƙalami

Rubutun boko na Hausa ya kusa bin furuci sau da ƙafa, saboda haka Bahaushe ya saba amincewa da kunnensa. Ingilishi ba ya saka wa wannan amana da alheri. William Caxton ya kafa injin ɗab'i a Ingila a 1476, rubutu ya fara daskarewa, furucin dogayen wasula kuwa ya ci gaba da sauyawa har wajen 1700. Baƙin "k" na "knife" a dā ana furta shi. Baƙin "b" na "debt" kuwa masana ne suka cusa shi don kalmar ta yi kama da asalinta na Latin. Haka aka wayi gari "though" da "through" da "rough" da "cough" suna da ƙarshe ɗaya a ido, huɗu a kunne.

A kan wannan sai ga nasa furucin. Munzali Jibril ya nuna a kundin digirinsa na uku a Jami'ar Lancaster a 1982 cewa Ingilishin Bahaushe yana da kamanninsa da suka bambanta da na mutanen kudu. Tun da Hausa ba ta bambanta "p" da "f" a matsayin baƙaƙe biyu masu sauya ma'ana, sai a ga "full" a wurin "pull", "supper" a wurin "suffer", "copy" a wurin "coffee". Haka "b" take shiga wurin "v", "s" kuma wurin "th", har "think" ta koma "sink". A magana mai sauraro yakan gane daga yanayi. A takarda babu mai ceto, kuma na'urar gyaran rubutu sau da yawa ba ta kama su, domin kowacce kalma ce sahihiya. A wani gefen kuma Bahaushe yana da rinjaye: ya saba da dogon wasali da gajere, don haka "ship" da "sheep" ba su ba shi wuya, kuma da yake harshensa yana bambanta jinsi, ba ya rikita "he" da "she" kamar yadda masu harsunan da ba su da wannan bambanci sukan yi.

Sauran halayen rubutu ana iya ambatarsu a gurguje. Jimlar Hausa ba ta tsayuwa sai da ƙaramar kalmar nan mai nuna lokaci da mai aiki, "Audu ya tafi", shi ya sa ake samun "Audu he went". "Ina da mota" da "ina jin ka" suna ɗauke da "ina", sai su fito a matsayin "I am having a car" da "I am hearing you". Labarin Hausa yana tafiya a kan "sai" da "kuma", in aka kwashe shi haka zuwa Ingilishi sai a sami sakin layi guda babu aya, daga "and then" sai waƙafi. Ɗalibin da yake rubuta "yazo" da "bazan" a Hausa, shi ne dai yake rubuta "alot" da "infact" da "inspite" a Ingilishi, domin rashin kula da iyakar kalma hali ne na hannu, ba ya tambayar harshe. A wasiƙa kuma, doguwar gaisuwa da tambayar iyali ladabi ne a Hausa, amma wasiƙar neman aiki ta Ingilishi tana faɗin buƙata tun a jimlar farko. A al'adar Ingila, wadda aka buɗe da "Dear Sir" ana rufe ta da "Yours faithfully", wadda aka ambaci sunan mutum kuwa da "Yours sincerely". Haka nan mutum ya zaɓi rubutun Ingila ko na Amurka, wanda ƙamusun Noah Webster na 1828 ya kafa, ya tsaya a kan ɗaya. Kada "colour" ta fito a shafi na farko "color" a na biyu.

8.0 Littafin aljihu

Paul Nation ya ƙiyasta a 2006 cewa mai son karanta jarida ko littafin labari na Ingilishi ba tare da taimako ba yana buƙatar iyalan kalmomi 8,000 zuwa 9,000, don ya zamana a kowace kalma 50 ɗaya ce kawai baƙuwa gare shi. Wannan adadi ba ya samuwa ta haddar jeri. Yana samuwa ne ta yawan karatu, kuma karatun abin da bai fi ƙarfin mutum ba, inda zai riƙa cin karo da kalma a wurare dabam-dabam har iyakokinta su bayyana gare shi.

Abin da ke taimaka wa karatun shi ne ƙaramin littafi mai kashi biyu. A kashin farko, duk kalmar da ta tsai da ɗalibi ya kwafe ta da dukkan jimlar da ya same ta a ciki, ya ƙara abokan zamanta daga ƙamus, sa'an nan ya gina tasa jimlar a kan abin da ya shafe shi. In zai sa Hausa, ya fassara jimlar gaba ɗaya. A kashi na biyu ya tara kurakuransa na kansa daga takardun da malamai suka dawo masa da su. Mafi yawan ɗalibai maki kawai suke dubawa su ninke takarda, alhali wanda ya tara jan biron zango guda zai ga kurakuransa ba su da yawan da yake tsammani, 'yan kaɗan ne suke ta dawowa. In ya gama rubutu sai ya bar shi ya kwana, ya karanta shi da ƙarfi, sa'an nan ya sake binsa yana farautar waɗannan kurakurai ɗaya bayan ɗaya. Littafin kuma a riƙa komawa gare shi bayan kwana ɗaya, bayan mako, bayan wata. Hermann Ebbinghaus ya nuna tun 1885 cewa mantuwa ta fi sauri a farkon lokaci bayan koyo, kuma almajirin da ya san tishi ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan wannan.

9.0 Kuskure ko Ingilishin Nijeriya?

Saura tambaya guda da ɗalibai sukan yi, kuma suna da hujja. A watan Janairu na 2020 babban ƙamusun Oxford ya shigar da kalmomi da maganganu 29 na Ingilishin Nijeriya, cikinsu har da "Kannywood" da "okada" da "next tomorrow", wadda ba komai ba ce illa jibi. In haka ne, me ya sa malami zai ja wa "borrow me" jan layi? Amsa ita ce shigar kalma ƙamus shaida ce cewa ana amfani da ita a wani wuri, kuma ƙamusun da kansa yana sa mata alamar wurin. Bai ce ta dace da kowace takarda ba. David Jowitt ya yi littafi guda a 1991 a kan rarrabe irin waɗannan maganganu, kuma har yanzu masana ba su gama daidaitawa a kan inda iyakar take ba. Kafin su gama, ɗalibi mai rubuta kundi ko takardar jarrabawa zai yi la'akari da wanda zai karanta.

Akwai dai wuraren da gyaran yake da wuyar karɓa. In mutum ya yi tuntuɓe, ɗan Nijeriya yakan ce masa "sorry", Bature kuwa ya yi mamaki, domin a wurinsa wannan ya fi kama da ban haƙurin wanda ya yi laifi. In ya tarar da mai aiki yakan ce "well done", wanda a Ingila yabo ne bayan an gama, ba gaisuwa ba. "Sannu" da "sannu da aiki" ne suke neman mafita, Ingilishin Ingila kuwa ba shi da kalma guda da zai ba su. Mai fassara wasan kwaikwayo ko labari na Hausa zai tarar da "sannu" a kusan kowane shafi, kuma a kowane wuri sai ya sake duba wa ya faɗa, wa aka faɗa wa, da abin da ya faru kafin a faɗa.